Riƙon 'Ya'ya Bayan Mutuwar Aure, da Dalilan Sake Hukuncinsa

A kotunan alkalai na Nijeriya ta Arewa, riƙon 'ya'ya bayan mutuwar aure ba ya cikin shari'un da a ke yankewa sau ɗaya a naɗe tabarma. Littattafan Malikiyya da alkalai ke hukunci da su, watau Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfa ta Ibn Asim, sun ba uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta. Ci da sha da sutura suna wuyan uba gwargwadon samunsa. Amma fa riƙon nan a rataye ya ke bisa sharuɗɗa.

Babban abin da ke warware shi shi ne sabon aure. Idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba, ta kuma tare, riƙo ya fita hannunta. Sai dai ba uba ne ke bi mata ba, kamar yadda jama'a su ke zato. Kakar yaro ta wajen uwa ce a gaba. In kuwa mai haƙƙin ya san da auren ya yi shiru har shekara guda, to, ya yafe ke nan. Matar da ciwo ya hana ta riƙo, in ta warke a kan mayar mata. Wadda aure ya hana, ko auren ya mutu ba a mayarwa, bisa maganar da ta fi shahara.

Na biyu ƙaura. Malamai sun yi iyaka da baridi 6, wajen mil 72: uban da zai tashi da zama ya wuce nan yana iya tafiya da ɗansa. Da tafiyar ƙafa da raƙumi a ka auna wannan, ga shi kuwa tun 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, tafiyar kwanaki ta koma ta yini.

Al'ada ita ce ta fi ja da littafi, domin a ƙasar Hausa uba kan karɓe ɗansa da zarar an yaye shi, mata da yawa kuwa kunyar kai tsohon miji ƙara kan hana su magana. Wadda ta daure ta kai, in alkali bai gamsar da ita ba, tana iya ɗaukaka ƙara; a 1960 a ka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna.