Santana: Ƙungiyar da Gangunanta Suka Riƙe Ta

A shekarar 1966, a birnin San Faransisko na Amurka, wani saurayi ɗan asalin Meziko mai suna Carlos Santana ya haɗu da Gregg Rolie, mai kaɗa ogan kuma mawaƙi, suka kafa ƙungiyar da suka kira Santana Blues Band. An haifi Carlos a 1947 a garin Autlán na jihar Jalisco. Mahaifinsa makaɗin goge ne irin na Turawa, shi kuwa ya ƙware a jita a gidajen rawa na Tijuana tun yana yaro. Sunansa ne ya hau kan ƙungiyar, amma a farkon lamari ba shi da iko fiye da kowa. Tare ake yanke shawara, kuma muryar da ake ji a waƙoƙinsu na farko ta Rolie ce.

Abin da ya bambanta su da ɗimbin ƙungiyoyin rok na lokacin shi ne ganguna. Yawancin ƙungiyoyi mai ganga ɗaya suke da shi. Su kuwa, zuwa 1969, uku gare su: Michael Shrieve a kan jerin gangunan Turawa, Michael Carabello a kan konga, da José Areas ɗan Nikaragwa, wanda aka fi sani da Chepito, a kan timbale. David Brown ne ke riƙe da jitar bes. Waɗannan mutum shida ne Bill Graham, mai shirya wasanni, ya dage sai an ba su fili a bikin Woodstock. Ranar 16 ga Agusta 1969 suka hau dandamali ba su da faifai ko ɗaya a kasuwa. Wanda ya kalli fim ɗin bikin zai tuna Shrieve, ɗan shekara 20, gumi na zuba, yana dukan ganguna shi kaɗai a tsakiyar "Soul Sacrifice", sauran sun ja baya sun bar masa fage. Cikin watan nan faifansu na farko ya fito.

A faifan akwai "Jingo", kuma asalinta na ɗan Najeriya ne, Babatunde Olatunji, wanda aka haifa a Ajido kusa da Badagry, ya fitar da ita a faifansa Drums of Passion. Ba nan dangantakarsu da Afirka ta tsaya ba. Ranar 6 ga Maris 1971, ranar bikin 'yancin Gana, Santana sun yi wasa a dandalin Black Star na Akara a taron Soul to Soul, tare da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner. Chepito bai je ba saboda rashin lafiya mai tsanani a ƙwaƙwalwa, Willie Bobo ne ya riƙe masa timbale.

Faifan Abraxas na 1970 ya kai matsayi na ɗaya a Amurka, da "Oye Como Va" ta Tito Puente da "Black Magic Woman" ta Peter Green. Faifai na uku, na 1971, shi ma ya kai na ɗaya, kuma a lokacin an ƙara yaro ɗan jita Neal Schon, wanda bai kai shekara 18 ba. Daga nan bango ya tsage. Kuɗi sun shigo, miyagun ƙwayoyi sun biyo su, kuma ra'ayi ya rabu: Carlos da Shrieve sun karkata ga kiɗan jaz, Rolie da Schon suna son rok mai ƙarfi. Carabello ya fita bayan saɓani da Carlos. Caravanserai na 1972 kusan duk kiɗa ne zalla, har shugaban kamfanin Columbia, Clive Davis, ya yi gargaɗin cewa faifan zai karya musu kasuwa. Rolie da Schon suka tafi, a 1973 suka kafa ƙungiyar Journey. Taron da duniya take kira Santana na asali bai wuce shekara uku ba.

Daga nan ƙungiya ta zama ta mutum ɗaya, mawaƙa kuwa sai shiga da fita: Leon Patillo, Greg Walker, Alex Ligertwood ɗan Sikotlan, da wasu da dama. Masu rubuta tarihinta sukan tsaya kan wannan, su ce Santana jita ce kawai da ma'aikatan haya. Ban yarda ba. Armando Peraza ɗan Kyuba ya shigo a 1972, ya yi kusan shekara 18. Raul Rekow ya hau konga a 1976, bai sauka ba sai 2013. Karl Perazzo yana nan tun 1991. Kamar yadda ba a raba muryar Mamman Shata da masu kalangunsa, haka kukan jitar Carlos bai taɓa tsayuwa shi kaɗai ba, waɗannan mutane ne suka shimfiɗa masa inda zai taka. A shekarun da faifai suka daina sayuwa, su ne suka sa mai sauraro yake gane ƙungiyar tun daga bugun farko.

Shekarun sun yi tsawo kuwa. An shigar da su zauren girmamawa na rok a 1998, lokacin da ake ganin zamaninsu ya wuce. Sai ga Clive Davis ɗin nan, a lokacin yana kamfanin Arista, ya ɗauke su, aka yi faifan Supernatural a 1999 da baƙin mawaƙa matasa. "Smooth", wadda Rob Thomas ya rera, ta yi mako 12 a matsayi na ɗaya, kuma a bikin Grammy na 2000 Santana suka kwashi kyauta 8 a dare ɗaya, daidai da tarihin Michael Jackson. David Brown ya rasu a wannan shekarar.

A 2016 Rolie da Schon da Shrieve da Carabello suka dawo suka yi faifai ɗaya da Carlos, suka sa masa suna Santana IV, wato ci gaban na 1971. Bayan haka kowa ya koma harkarsa. Yau Cindy Blackman, wadda Carlos ya aura a 2010, ita ce a kan ganguna. Mai son ya san ƙungiyar da gaske, ya nemi faifan Lotus da aka ɗauka a Osaka ta Japan a 1973, ya kasa kunne ga Peraza da Chepito kafin ya saurari jita.