Katsalandan ɗin Edita a Gyaran Facin Manhaja da Hannu

Tsakure

Maƙalar ta duba sauye-sauyen da editocin rubutu ke yi da kansu yayin gyara lalataccen faci da hannu. Ta nuna cewa ɓarna mafi haɗari ita ce wadda ta faɗa kan layukan ƙari, domin babu mai tantance su.

Gabatarwa

Faci fayil ne mai ɗauke da bambancin tsohon rubutun manhaja da sabo. Larry Wall ya fitar da manhajar patch a tsakiyar shekarun 1980, Wayne Davison ya kawo haɗaɗɗen tsarin diff a 1990, Git kuma ta gaje shi a 2005. A tsarin nan, abin da ya fara layi shi ke yanke hukuncinsa: sarari na nufin layin kewaye, wanda ba a taɓawa, alamar - a cire, alamar + a ƙara. Kowane yanki na da lissafi a kansa, kamar @@ -12,7 +12,8 @@, wato layi 7 a tsohon fayil, 8 a sabo.

Waiwaye

Takardun aikin Linux sun yi dogon gargaɗi kan manhajojin imel masu naɗe dogayen layuka da mayar da tab sarari. Gargaɗin daidai ne, sai dai ya sa hankali ya tattara ga imel, kamar da zarar faci ya isa hannun mai gyara ya tsira. Da wannan ɗauka nake ja. Editan da aka buɗe don gyara shi ma yana da nasa hannun, kuma sau da yawa a lokacin ajiye fayil yake miƙa shi, sa'ad da ido ya riga ya bar allo.

Hanyar Bincike

An ɗauki halaye huɗu: share sararin ƙarshen layi, mayar da tab sarari, sauya CRLF zuwa LF, da sake lissafin kan yanki. An auna kowanne da nau'in layi uku, bisa yadda GNU patch da git apply ke karanta su.

Sakamako

Layin kewaye da layin cirewa suna da shaida, wato ainihin fayil. Idan edita ya taɓa su, git apply sai ta ƙi facin nan take. Abin da ciwo, amma an ga ɓarnar. Facin da aka rubuta don share sararin ƙarshen layi misali ne: edita ya share sararin daga layin -, layin ya daina dacewa da fayil, faci ya ƙi shiga.

Layin + kuwa ba shi da shaida ko ɗaya. Duk abin da ke cikinsa haka za a zuba shi. A ce facin ya ƙara umarni a Makefile, inda dole layin umarni ya fara da tab. Mai gyara ya sake buga layin a Vim da expandtab a kunne, tab ya zama sarari. A allo ba a ganin bambanci, git apply --check ta wuce lafiya, faci ya shiga. Sai daga baya make ta tsaya da ƙorafin rashin mai raba layi, a hannun wani da bai taɓa ganin facin ba. Haka yake a Python 3, wadda ke ƙin layin da aka cakuɗa masa tab da sarari ba bisa tsari ba, da Markdown, inda sarari 2 a ƙarshen layi ke nufin karya shi. Garin neman gira an rasa ido.

Sake lissafi ma na da nasa tarko. Emacs na sabunta lambobin kan yanki ana cikin rubutu, git format-patch kuma na rufe faci da layin "-- ". Duk mai ƙirgen da harafin farko kaɗai yake dubawa zai ɗauki layin nan a matsayin na cirewa, ya ƙara 1 a lissafin tsohon fayil.

Iyakar Bincike

Binciken ya tsaya kan facin rubutu, bai taɓo facin bainari ba, kuma halin edita na sauyawa da saitin mai shi. Wannan bai sauya matsayin layin + ba.

Shawara

Wanda zai iya samun sabon faci daga mai shi, ya nema, kada ya gyara. In gyaran ya zama dole, a buɗe da vim -b, a kunna :set list don ganin tab da sarari, a kashe trim_trailing_whitespace a EditorConfig ga fayilolin .patch da .diff, a cire layin "-- " da abin da ke biye da shi, sannan a bar wa git apply --recount aikin lissafi. Bayan faci ya shiga, a bi layukan + ɗaya bayan ɗaya da cat -A kafin a tura shi gaba.