Asalin Kalma: Zango

Zango kalmar fatake ce: inda ayari ke sauke kaya ya kwana, gari ya waye ya wuce. Hausa ce ta ba da aronta a Gana, inda unguwannin Zongo na Kumasi suka gaji sunan daga fataken goro. Yau akwai zangon karatu, gwamna na neman zango na biyu, jirgin sama ma yana ya da zango.

A irin wannan zango na jirgi ne masu wayo ke yankar tikitin gari na gaba don ya fi araha, su sulale a zangon. Sai dai jakar da aka auna ta wuce ba mai ita, kamfani kuma ya soke tikitin dawowa. A 2018 har kotu kamfanin jirgin sama na Lufthansa ya kai wani fasinja da ya sauka a Frankfurt bai ƙarasa Oslo ba, ko da yake kotun Berlin ta kori ƙarar.