Daga kube zuwa ƙusa: wuƙa mai naɗewa da maƙeran ƙasar Rano

Labarin Hausa Bakwai, wanda ya lissafa Rano cikin garuruwan da zuriyar Bawo ta mulka, ya rataya ne a kan wuƙa guda: wadda aka ce maƙeran Gaya sun ƙera wa Bayajida kafin ya isa rijiyar Kusugu a Daura. Riwayar baka ta Kano ma ta ce Abagayawa, maƙera daga Gaya, neman tama ne ya kawo su gindin Dala. Wuƙar da waɗannan mutane suka sani miƙaƙƙiya ce: ruwa ɗaya, ƙota ɗaya, sai kuben da baduku zai ɗinka mata.

Kayan da irin wannan wuƙa take buƙata ba su da yawa, kuma yawancinsu maƙeri da hannunsa yake yin su. Akwai uwar maƙera da ake dukan ƙarfe a kanta, da masaba da guduma, da awartaki na riƙe abin da ya yi ja, da zugazugin fatar akuya, da dutsen washi. Gawayi kuwa na ƙirya aka fi so, domin yana da nauyi, yana kuma daɗewa yana ci. Yaron da aka sa a maƙera a Rano ko Kibiya daga zuga yake farawa, yana kallon launin wuta tun kafin a yarda ya ɗaga guduma. Abin da zai fi ƙerawa a ƙasar manoma irin wannan shi ne fartanya da garma da lauje.

Wuƙa mai naɗewa ta zo da wata buƙata dabam. Ƙotarta ce kubenta, saboda haka baduku ya fita daga cinikin. A madadinsa sai ƙusa, wadda ruwan wuƙar yake juyawa a kanta, da siririn ƙarfe mai tsalle a bayan ƙota, wanda yake riƙe ruwan a buɗe ko a rufe. A nan ne guduma take gazawa. Hudar ƙusa tana son ma'auni daidai, gindin ruwan kuma sai an gyara shi da magagari sannu a hankali. In aka ci shi fiye da kima, wuƙar za ta yi ta girgiɗi, wata rana ta rufe a kan yatsun mai ita. Ƙarfen da aka narko daga tama kuwa ba ya zuwa bai ɗaya: wani ɓangare tauri, wani laushi. Fartanya ba ta damu da wannan ba, amma ƙarfe mai tsalle ko dai ya karye ko ya lanƙwashe ya ƙi komawa.

Turai ta riga ta cika wannan giɓi da kayan masana'anta. Tun 1902 ake ƙera wuƙar Okapi a Solingen ta Jamus domin kasuwannin Afirka, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988.

Abin mamaki shi ne, hanyar da ta shigo da wuƙaƙen waje ita ce ta kawo wa maƙeri abin da zai yi gogayya da su. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, motoci suka biyo baya, tsohon ƙarfe ya yi arha har narkar da tama ta mutu a hankali a zamanin mulkin mallaka. An yi asarar wani ilimi mai zurfi, wanda yanzu sai dai a tono kufansa. Amma sifirin tsohuwar mota ƙarfe ne da aka riga aka daidaita a masana'anta: yana karɓar kaifi idan aka tsoma shi cikin mai yana ja, yana kuma tsalle idan aka sake ɗumama shi kaɗan. Mai koyon wuƙa mai naɗewa a yau, bayan kayan kakanninsa, yana buƙatar wannan sifirin, da magagari iri biyu ko uku, da abin huda, da ƙusar farin ƙarfe ko ta tagulla, da ƙaho ko icce mai tauri na ƙota. Galibinsu a wajen 'yan gwangwan yake samo su.