Daga Ma'aunin Kogin Nilu Zuwa Allon Grafana: Yadda Jadawali Ya Dawo

A tsibirin Rauda da ke cikin Kogin Nilu, daidai birnin Alƙahira, akwai wata rijiya ta dutse da aka gina a shekarar 861 Miladiyya, zamanin Halifa Mutawakkil na daular Abbasiyawa. A tsakiyarta an kafa ginshiƙin marmara mai fuska takwas, an tsaga masa alamomin zira'i tun daga gindi har sama. A da, ruwan kogi yakan shigo ta kafofin da aka bari a jikin bango, ya hau ginshiƙin gwargwadon cikar kogin. Idan ya kai zira'i 16, an san gonaki za su sha ruwa, hukuma ma ta san harajin da za ta aza. Idan ya gaza, sai a shirya wa yunwa. Shekara bayan shekara ana rubuta inda ruwan ya tsaya, har rubutun ya zama ɗaya daga cikin jerin awo mafi tsawo da ɗan Adam ya mallaka. Wani masanin ruwa ɗan Ingila, Harold Edwin Hurst, ya koma gare shi lokacin da yake lissafin girman madatsar da za ta iya riƙe Nilu a shekarun fari da na ambaliya, ya wallafa bincikensa a 1951.

Abin da masana ke kira jerin awo bisa lokaci ke nan: abu guda, ana auna shi a kai a kai, ana ajiye lokaci kusa da adadi. Ɗaruruwan shekaru siffa ɗaya aka san shi da ita, wato jadawali, shekara a wannan gefe, lamba a wancan.

Wanda ya yi wa jadawali tawaye shi ne William Playfair, ɗan Sikotland da aka haifa a 1759. Ya taɓa yi wa James Watt, mai injin tururi, aikin zane, kuma tun yana yaro wansa John, masanin lissafi, ya koya masa rubuta zafin kowace rana da layi maimakon lamba. A 1786 ya fitar da littafinsa kan cinikin Ingila da sauran ƙasashe, mai ɗauke da zane 44. Guda 43 layuka ne da ke tafiya da shekaru daga hagu zuwa dama, suna hawa suna sauka. Ɗayan kuwa sanduna ne, domin alƙaluman cinikin Sikotland na shekara guda kawai ya samu, babu yadda zai ja layi da su. Hujjarsa ita ce mutum zai ƙura wa jadawali ido har ya gaji, ya tashi bai riƙe komai ba, amma layi kallo ɗaya ya isa. Ya yi gaskiya, sai dai rabin gaskiyar ce, kuma sai da aka yi shekara ɗari biyu da ɗoriya kafin injiniyoyin kwamfuta su ci karo da sauran rabin.

A 1994 wani matashi ɗan Suwizalan, Tobias Oetiker, yana aiki a Jami'ar De Montfort da ke Lesta a Ingila. Kwamfutoci sama da dubu ne suke rububin layin intanet guda mai ɗaukar kilobit 64 a daƙiƙa, kowa na son sanin abin da ya sa intanet take jan ƙafa. Sai ya rubuta wata 'yar manhaja da ke tambayar na'urar da ta haɗa su da waje yawan bayanan da suka wuce, duk bayan minti biyar, ta zana amsar a shafin intanet. Ya sake ta ga duniya a 1995 da sunan MRTG. Tsofaffin ma'aikatan sadarwa har yau suna tuna zanenta: kore na abin da ke shigowa, shuɗi na abin da ke fita.

Ma'ajiyar kwamfuta tana da tsada a lokacin, don haka MRTG ta koyi mantuwa. Zanen yini yana riƙe awon kowane minti biyar, na mako ya dunƙule su zuwa minti talatin, na wata zuwa awa biyu, na shekara zuwa yini guda. A 1999 Oetiker ya ware wannan dabara ya yi mata manhaja ta kanta, RRDtool, wadda fayil ɗinta ba ya ƙara girma komai daɗewa, sabo yana hawa kan tsoho. Dabara ce mai kyau, amma tana da farashi. Cunkoson da ya tsayar da aiki na minti goma a watan Maris, idan ka neme shi a Disamba a zanen shekara, ya narke cikin matsakaicin yini, sai ka rantse lafiya aka wuni.

Wata manhajar kuma, Graphite, wadda Chris Davis ya fara a kamfanin Orbitz na Shikago a 2006 kuma aka sake ta kyauta a 2008, ta sauƙaƙa aika awo: ka ba shi suna mai ɗigo-ɗigo, ka tura. Matsalar ita ce duk tambayar da za ka yi nan gaba sai ta dace da tsarin sunan da ka zaɓa tun farko.

Canjin gaske ya zo ne daga Berlin. A 2012, a kamfanin waƙoƙi na SoundCloud, Matt Proud da Julius Volz, waɗanda suka baro Google, suka fara gina Prometheus bisa koyi da Borgmon, manhajar sa ido ta cikin gida da suka sani a can. Kowane awo suka rataya masa tambura: wace na'ura, wane aiki, wane gari, wane irin kuskure. Suka kuma yi wa Prometheus harshen tambaya, PromQL, wanda da shi za ka ce a tara maka ta gari, ko a ware maka biyar mafi muni. A 2016 Prometheus ta shiga gidauniyar manhajojin kyauta ta CNCF, ita ce manhaja ta biyu da ta shiga bayan Kubernetes. A farkon 2014 kuma wani ɗan Suwidin, Torkel Ödegaard, ya ɗauki wata manhajar zane mai suna Kibana ya sassaƙa ta ya fitar da Grafana, allon da ake jera zane-zanen a kai. Da fari Graphite ya yi wa ita, daga baya ta zama abokiyar tafiyar Prometheus.

A nan ne layin Playfair ya gamu da iyakarsa. Shi kayan da aka shigo da su da waɗanda aka fitar yake kwatantawa, layi biyu a takarda. Injiniyan da ke kula da na'urorin sabar ɗari biyu, idan ya ce a zana masa cikar ma'ajiyar kowace, abin da zai gani a allo hargitsi ne na launuka, ba ya gane na wa ne ke sama. Tambayar da ke bakinsa da ƙarfe biyun dare, lokacin da ƙararrawa ta tashe shi, gajeriya ce: wace ce, kuma nawa ya rage? Wannan tambayar jadawali ce. Grafana ta shigo da jadawali a sigarta ta 2.6 a ƙarshen 2015, sannan a siga ta 7 a 2020 ta sabunta shi, ta ƙara hanyoyin haɗa amsoshin tambayoyi daban-daban a layi guda, da sake wa ginshiƙai suna, da ɓoye waɗanda ba a so.

Amma zuba jerin lokaci cikin jadawali yana da tarkuna, kuma kusan kowane sabon shiga sai ya taka su. Prometheus tana amsa tambaya iri biyu: ta tsawon lokaci, wadda ke kawo awo daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, da ta yanzu-yanzu, wadda ke kawo adadi ɗaya tak ga kowane abu. Zane na farkon yake so, jadawali na biyun. A ce ana ɗaukar awo duk daƙiƙa 15. Cikin awa shida kowace na'ura ta tara awo 1,440, na'ura ɗari biyu kuwa 288,000. Wanda ya manta bai zaɓi tambayar yanzu-yanzu ba, yana jiran layi ɗari biyu, sai ya ga sunan na'ura ɗaya yana ta maimaituwa shafi bayan shafi.

Tarko na biyu shi ne awon da hawa kawai yake yi, kamar mitar kilomita a gaban direba. Lambar da ke jikinta ba ta gaya maka gudun motar, sai ka ɗauki karatu biyu ka raba bambancinsu da lokacin da ke tsakani. Wanda ya zuba ɗanyen adadin kurakurai a jadawali ya jera daga babba zuwa ƙarami, na'urar da ta fi daɗewa a kunne ce za ta hau sama, ko da ita ce ta fi kowace lafiya.

Na ukun ya fi su haɗari, domin shiru yake yi. Idan na'ura ta mutu ta daina amsawa, layinta a jadawali ba ya komawa ja. Ɓacewa yake yi ɗungurungum. Allon ya cika da kore, mai gadi ya koma barci, alhali layi 199 ne a gabansa ba 200 ba. Shi ya sa gogaggu suke kafa jadawalinsu a kan wani awo na musamman da Prometheus ke rubutawa da kanta ga kowace na'ura, 1 idan ta amsa, 0 idan ba ta amsa ba.

Talakan da bai taɓa jin sunan Grafana ba ya ɗanɗani wannan duniya a 2020. A watan Janairun shekarar Farfesa Lauren Gardner da ɗalibinta Ensheng Dong na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka buɗe allon bibiyar korona, da taswira a tsakiya da jerin ƙasashe a gefe, mafi yawan masu cutar a sama. A Nijeriya, a wancan lokacin hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC takan fitar da alƙaluman jihohi kowane dare, mutane su yi ta neman Kano ko Legas a jerin. Lambar daren tana faɗin inda ake, amma ba ta faɗin ko abin yana ƙaruwa ne ko lafawa, sai ka tuna ta jiya da ta shekaranjiya.

Gyaran da aka samo wa wannan giɓi ɗan ƙarami ne. Edward Tufte, malamin zanen ƙididdiga ɗan Amurka, ya yayata wani ɗan layi mai girman kalma guda, babu lambobi a gefensa, wanda za a iya cusawa cikin rubutu ko gidan jadawali, ya yi bayaninsa a littafinsa na 2006. Microsoft ta saka shi a Excel 2010, Grafana ma daga baya ta ba shi wuri a jadawalinta. Yanzu injiniya yana iya ganin sunan na'ura, da kashi 91 cikin ɗari na cikar ma'ajiyarta, da ɗan layin da ke nuna ko tun jiya take a haka ko kuwa cikin awa ɗaya ta haura daga 40.