Begilar da Ta Ɓace a Gasar Badujalar Amurka

Duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya san ranar 27 ga Mayu, ranar da ake jera yara a filin wasa su yi maci, 'yan badujala na kiɗa, alƙalai na ba da maki. To a Amurka akwai irin wannan gasa, sai dai su sun kai ta inda hankali bai zata ba. Ni kaina sai da wani aboki ya ja ni filin Lucas Oil da ke birnin Indiyanapolis cikin wani watan Agusta na yarda.

Tun 2009 a wannan fili ake yin wasan ƙarshe na ƙungiyar Drum Corps International, wadda ake taƙaitawa DCI, in ka ɗebe 2020 da 2021 da annobar korona ta hana gasar. Rukuni goma sha biyu ne ke kaiwa daren ƙarshe. Kowane rukuni matasa ne sama da ɗari da hamsin, ba wanda ya wuce shekara 22, kuma minti goma sha ɗaya da 'yan kai ake ba su. Masu busa kusan tamanin, sai makaɗa, sai masu wasa da tuta da takobi da bindigar katako. Suna busa suna gudu, suna zana siffofi a fili da jikinsu. Idan suka juyo da bakin ƙahonninsu wajen 'yan kallo suka saki sauti gaba ɗaya, wallahi a ƙirji za ka ji shi kafin kunne.

Amma dattijon da ke kusa da ni bai yi tafi sosai ba. Ya ce shi ma ya yi busa yana yaro, kuma a ganinsa abin da ke gabanmu wani abu ne daban da aka laƙa wa tsohon suna. Ƙorafinsa ne ya sa na bi tarihin.

Asalin abin na soja ne. Kafin rediyo, da ganga da begila ake tashin soja, a kira su cin abinci, a ba su umarni a fagen fama. Mu ma ai ta hannun sojan Turawa kalmar begila ta shigo Hausa. Da aka gama Yaƙin Duniya na Farko a 1918, sojojin Amurka suka koma gida, suka kafa ƙungiyar American Legion a 1919, ga kuma takwararta VFW. Rassansu suka riƙa haɗa 'yan badujala don fareti, daga baya suka koma tara yaran unguwa. Coci-coci da 'yan sikawut su ma suka shiga. A 1934 wani cocin Katolika a garin Garfield na jihar New Jersey ya kafa Holy Name Cadets. A 1948 Don Warren ya kafa Cavaliers a Shikago daga cikin yaran sikawut. Yaron da bai san karatun kiɗa ba sai a miƙa masa begila, a koya masa da ka, a raba shi da yawon titi. Zuwa shekarun 1960 irin waɗannan rukunai sun cika garuruwan Amurka da Kanada.

Tsofaffin sojojin nan kuwa da dokar bariki suka riƙe gasar. Kafin a shiga fili sai an jera yara an duba kaki da takalmi da aski. Alƙalai na bin su da takarda, kowane kuskure a ɗiga alama a rage maki. Saurin tafiya ma an ƙayyade shi, kuma dole a yi girmama tuta. Su ke karɓar kuɗin ƙofa, abin da ake ba rukunan da suka yi doguwar tafiya bai taka kara ya karya ba.

A 1971 tura ta kai bango. Don Warren da Jim Jones, shugaban Troopers na jihar Wyoming, suka haɗa rukunai biyar da suka ce tare za a gayyace su ko a rasa su duka. Wasu biyar a gabashin ƙasar suka yi irin haka. Daga nan rukunai goma sha uku suka kafa DCI, suka yi gasarsu ta farko a 1972 a Whitewater, jihar Wisconsin, Anaheim Kingsmen suka cinye.

Da suka mallaki kansu sai dokoki suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. A 1984 aka bar ƙirga kurakurai, aka koma auna kyawun abin da aka yi da wahalarsa. Begila wadda asali ba ta da maɓalli ko ɗaya ta samu biyu a 1977, ta samu uku a 1990. A 2000 aka halatta irin ƙahonnin da kowace makaranta ke amfani da su, cikin 'yan shekaru manyan rukunai suka ajiye tsohuwar begila mai kaifin murya. Lasifika ta shigo a 2004, kayan kiɗa na lantarki a 2009. Kakin soja ma yanzu sai ka yi da gaske ka gan shi, tufafin sun fi kama da na 'yan rawa.

Ni a ra'ayina kiɗan ya ƙaru, ba ko tantama. Blue Devils na Kalifoniya, waɗanda suka fi kowa lashe gasar, sun ci maki 99.65 cikin ɗari a 2014, abin da yaran unguwa na da ba za su iya ko kusa ba. Inda dattijon yake da gaskiya shi ne batun su waye ke cikin fili. Gasar ta zama yawon ƙasa na wajen wata biyu a bas, ana kwana a daɓen ɗakunan wasanni na makarantu, ga motocin kaya da na girki. Ƙananan rukunai ba su iya ɗaukar wannan nauyi ba, coci-coci da tsofaffin sojoji suka janye hannu, aka yi ta rufewa har saura 'yan gommai. Yau sai an tantance ka kafin a ɗauke ka, yawanci ɗaliban kiɗa ne daga jihohi daban-daban har da ƙasashen waje, kuma kowa zai biya dubban daloli kuɗin kaka ɗaya. Yaron da aka ƙirƙiro abin dominsa, in ya zo, a kujerar kallo zai zauna, ita ma sai ya sayi tikiti.

Manyan ma ba su tsira ba. Cadets ɗin nan na 1934, masu kambu goma na DCI, sun yi wasansu na ƙarshe a 2023, a 2024 suka ayyana karyewar arziki bayan matsalar kuɗi da shari'a.

Washegarin hirarmu na sake ganin dattijon, wannan karon a wajen fili, inda rukunai ke ɗumama hannu kafin su shiga. Nan ba lasifika ba tikiti, makaɗa ne a jere a ƙarƙashin bishiya suna maimaita bugu ɗaya, jama'a sun kewaye su. Yana tsaye daf da su, ya rufe ido, yatsunsa biyu na motsi a kan cinyarsa kamar mai danna maɓalli.