Kwana Nawa Runduna Ke Yi A Hanya? Tarihi Da Wasannin Yaƙi Na Kwamfuta



Kwanakin baya na tarar da yarona yana buga wasan Rome: Total War a kwamfuta. Na tambaye shi kwana nawa sojojinsa za su yi kafin su isa garin da yake hari. Ya ce, "Baba, zagaye biyu ne kawai." Na ce abincinsu fa, wa ya ɗauko? Ya yi shiru. Da yawa daga cikin yaranmu a irin waɗannan wasanni suke fara jin sunan Rum da Mongol da Napoleon, shi ya sa na ga ya dace mu duba inda suka yi gaskiya da inda suka kauce.

Wasan da ya fito a 2004, kowane zagaye a cikinsa wata shida ne. Ke nan zagaye biyun da yaron ya faɗa shekara guda ce cur. Amma tsohuwar hanyar Appia, daga birnin Rum zuwa tashar jiragen ruwa ta Brindisi, ba ta kai kilomita 600 ba. Marubucin Rum Vegetius ya ce ana horar da soja ya yi mil 20 na Rumawa, wajen kilomita 30, cikin sa'o'i biyar na lokacin zafi. Ko da kilomita 20 kacal suke yi a yini, wata guda ya ishe su. A wasan Civilization abin ya fi haka: a farkon wasa mayaƙi kan yi taku ɗaya ko biyu a taswira, gomman shekaru sun wuce. Shi kuwa Age of Empires II na 1999 ta ɗaya ɓangaren ya kauce. Da zarar ka biya kuɗin soja, ba ya sake neman abinci, ba ya barci, ba ya gajiya.

A zahiri, ciki ne ke yanke saurin runduna. Soja ɗaya na cin kusan kilo guda na hatsi a yini. Mutum 10,000 ke nan sai an samar musu buhu 100 mai kilo ɗari-ɗari kullum. Doki kuma na cin kusan kilo tara zuwa goma na hatsi da ciyawa, ga ruwa. Dabbar da ta ɗauko abincin ita ma a ciki take ci, in hanya ta yi nisa sai ta cinye kayanta. Keken shanu da ƙyar yake wuce kilomita 20 a yini. Ga tsawon ayari: a ƙunƙuntar hanya, na gaba kan isa masauki alhali na baya bai jima da tashi ba. Saboda haka ƙaramar runduna ta fi babba sauri.

Misalin da muka fi sani shi ne na 1903. Rundunar Kanar Morland, wadda sojojinta ba su kai dubu ba, ta bar Zariya ranar 29 ga Janairu, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Tafiyar da mota ke yi yau cikin sa'a biyu zuwa uku ta ci musu kwana biyar, da bindigogi da 'yan dako, har da artabu a Bebeji.

Babbar runduna kuwa, dubi Napoleon. Ya ƙetare kogin Niemen ranar 24 ga Yuni 1812 da mutum sama da 400,000, bai shiga Mosko ba sai 14 ga Satumba. Kusan kilomita 1,000 cikin kwana 82, wato wajen kilomita 12 a yini. Yunwa da ciwo da gudun soja sun rage rundunar ƙwarai tun kafin babbar gwabzawar Borodino, tun sanyi bai sauka ba.

Akwai masu saurin ban mamaki, amma kowa da dalilinsa. Mongolawa kowane mahayi na jan dawakai da dama yana sauyawa, ga nonon goɗiya, muddin akwai makiyaya. Khalid bin Walid, a shekarar 634, ya ratsa hamada daga Iraƙi zuwa Sham, kuma malaman tarihi sun rawaito cewa an shayar da raƙuma suka ƙoshi, ana yanka su a hanya don a shayar da dawakai. Sarki Harold na Ingila a 1066 ya yi kusan kilomita 300 daga Landan zuwa arewa cikin 'yan kwanaki, ya yi nasara a Stamford Bridge ranar 25 ga Satumba. Ya juyo kudu da gaggawa, aka kashe shi a Hastings ranar 14 ga Oktoba. Sauri ma yana da kuɗinsa.

A yi adalci, wasu wasannin sun yi ƙoƙari. A Europa Universalis IV da Crusader Kings III, kwana-kwana ake lissafin tafiya, kuma in ka cusa babbar runduna a ƙasar da ba za ta iya ciyar da ita ba, sojoji za su riƙa mutuwa ba tare da an harba ko kibiya ba. Masu wasa kuma nishaɗi suke sayarwa, ba wanda zai zauna yana ƙirga buhunan gero.

Sai dai abin da wasan ke ɓoyewa shi ne ya fi muhimmanci. Hatsin nan daga rumbun wani manomi aka kwaso shi. Kayan nan a kan wani talaka aka ɗora su. Yaron da ya saba ganin runduna na tafiya da danna maɓalli zai ɗauka yaƙi abu ne mai arha.

Ban ce a hana su wasa ba. In kun gan su a kai, ku yi musu tambaya uku: kilomita nawa ne, kwana nawa za a yi, wa zai ciyar da su? Nawa yaron ya kawo min amsar ta farko da ta biyu, ta ukun yana kan bincike.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya shirya mana zuri'a.